Injin sharar kafet yana mutuwa bayan minti goma: kwayil ne ya ƙone?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne nake kula da sharar masallacin unguwarmu a Zariya. Bara wani ɗan unguwa da ke zaune a Amurka ya aiko mana da injin tsotsar ƙura, irin na tsayen nan da ake turawa a kan kafet, marar jaka, mai mazubin roba. Muka haɗa shi da taransifomar rage wuta, ya yi mana kusan wata huɗu lafiya lau. Tun shigowar hunturu ya canza hali. Ba ya ɗauke yashi, wani lokaci yana warin ƙonanniyar roba, in ya yi minti goma sai ya mutu, sai bayan kamar awa guda ya sake tashi. Mun kai wa wani mai gyara, ya ce kwayil ne ya ƙone, sai an yi sabon naɗi. Mu biya, ko da abin da za mu fara dubawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri a kan hidimar ɗakinsa.

Kada ku biya tukuna. Moton da kwayil ɗinsa, wato naɗin wayar da ke cikinsa, ya ƙone ba ya hutawa awa guda ya tashi ya ci gaba da aiki, wanda ya ƙone ya tafi ke nan. Abin da ke kashe muku injin wani ɗan makunni ne da aka dasa a jikin moton, aikinsa jin zafi. In zafi ya wuce ƙima sai ya katse wuta, in moton ya huce sai ya mayar. Wato injin ceton kansa yake yi, kuma tun da har yanzu yana iya ceton, akwai sauran rai a cikinsa. Tambayar da ya kamata mai gyaran ya yi wa kansa ita ce, me ke sa moton zafi? Na daɗe ina buɗe irin waɗannan injina, kuma mafi yawan waɗanda aka kawo mini da wannan kukan, ban taɓa moton ba na sallame su.

Sai ka fahimci abu ɗaya game da ginin injin, sauran bayanin duk a kansa ya rataya. A irin naku, iskar da injin ke zuƙowa daga kafet tana bi ta tiyo, ta shiga mazubi ta zubar da datti, ta ratsa matata, sannan ta bi ta cikin moton ta fita waje. Wannan iskar ita ce ke sanyaya moton, ba shi da wata fanka ta dabam. Duk abin da ya rage iska, ko matata ce ta toshe, ko wani abu ne ya maƙale a tiyo, ya yi ɓarna biyu a lokaci guda: ya hana injin ɗaukar yashi, ya kuma hana moton shan iska. Ka ga biyu daga cikin alamomi ukun da ka lissafa, tushensu ɗaya ne. Akwai ma alamar da kunne ke kamawa. Injin da ya toshe ba nishi yake yi ba kamar yadda mutum zai zata, ƙararsa sirancewa take yi ta hau sama, domin farfelar da moton ke juyawa don zuƙo iska ba ta samun iskar da za ta tura, sai moton ya ƙara gudu. Mutane kan ji haka su ce injin ya ƙara ƙarfi, alhali shaƙewa yake yi.

Ba mamaki abin ya faro da hunturu. Littafin da ke zuwa da injin an rubuta shi ne domin gidajen da tagoginsu ke rufe rabin shekara, inda dattin ƙasa bai wuce gashi da zaren tufafi ba. In ya ce a wanke matata duk wata ɗaya ko duk wata uku, lissafin can ne. Ƙurar hunturunmu laushi gare ta kamar hoda, tana wuce mazubi ta je ta liƙe a matata, kuma masallaci ƙofofinsa a buɗe suke sau biyar a rana, ga ɗaruruwan ƙafafu suna shigo da rairayi. Abin da matata za ta tara a wata uku a can, a masallacin unguwa mako guda ya isa.

To, ka fara da zare filogi daga bango. Ba kashe makunni kawai ba, ka zare. Burushin nan in ya juya da yatsa a ciki ba ya tambayar na wane ne.

Ka cire mazubi ka zubar, sannan ka nemo matatar farko, wadda ke gaban moto. Yawanci tana saman mazubin ko a ƙarƙashinsa, soso ne, wani lokaci da wani falle mai kama da bargo a haɗe. Ina kyautata zaton za ka same ta ta koma launin ƙasa, ta yi tauri kamar an shafe ta da laka. Ka fita waje ka kakkaɓe ta, sannan ka wanke da ruwan sanyi zalla, kana matsawa a hankali har ruwan ya fito fari. Ban da garin sabulu, ban da ruwan zafi, kuma kada ka murɗe ta kamar wanki. Sai shanya, a nan ne mutane ke kasa haƙuri. Ta yi aƙalla awa 24 a inda iska ke kaɗawa, da damina ma ta fi haka. Sama ya bushe ba ya nufin ciki ya bushe, ka matsa ta a tafin hannu, in ka ji sanyin danshi ka mayar da ita wurin shanya. Matata mai danshi in ta haɗu da ƙura sai ta zama taɓo, ta toshe fiye da da, ga laimar da za ta tura cikin moto, ga warin da zai cika masallaci. Shi ya sa nake ce wa duk mai irin aikinka ya nemi matata biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shanya.

Akwai matata ta biyu a inda iska ke fita, bayan moto. Sau da yawa takarda ce mai ninki-ninki, in ka ga an rubuta HEPA a jiki, ita ce mai tare ƙurar da ido ba ya gani. Wannan in ba a rubuta a jikinta cewa ana wankewa ba, kada ruwa ya taɓa ta. Ka bubbuga ta a hankali, in ta yi baƙi ƙirin a sake sabuwa. Na san ana kai ta wurin mai faci ya hura da iskar taya. Sosai tana fitowa fes a ido, amma ƙarfin iskar yana yaga zarurrukan takardar, daga nan sai ta riƙa sakin ƙurar da aka sa ta ta tare, masu asma a sahun gaba su ne za su fara ba ka labari.

Bari in ja kunnenka a kan wani gyara da ya yi yawa a wurarenmu. Mai gyara ya ga matata ta toshe, babu irinta a kasuwa, sai ya cire ta ya jefar, ya kunna injin, ya ɗora hannunka a bakin tiyo ka ji yana zuƙa kamar sabo. Ka biya kana godiya. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Daga ranar duk yashin da injin ya zuƙo ta cikin moton yake bi, yana cin boris, wato zoben da sandar moton ke juyawa a ciki, yana goge farfela, yana karce inda kabon, 'yan sandunan da ke kai wa moto wuta, ke gogawa. Wata biyu ko uku sai ka dawo da ainihin ƙonannen moton da yau ake ce maka kana da shi. In an rasa matatar asali, a yanko soso mai ƙofofi a buɗe, wanda iska ke ratsawa, daidai girman gurbin ba tare da barin kafa a gefe ba. Bai kai na asali ba, amma ya fi babu nesa ba kusa ba. Katifar kujera mai cunkushewa ba ta yi, ita ma shaƙe injin za ta yi.

A cikin mazubin akwai wani kwando mai ƙananan huji, ko na roba ko na raga, wanda iska ke kewayawa. Hujojin nan suna toshewa da zaren kafet. Tsohon burushin haƙori ya ishe su. Ka kuma duba robobin da ke bakin mazubi da murfinsa, in ɗaya ta tsage ko ta zame, injin zai riƙa zuƙar iska ta nan maimakon ta ƙasa.

Sai tiyo. Ka cire shi ta bakin biyu, ka miƙar da shi tsaye, ka jefa kwabo ko ɗan ƙaramin dutse ta sama. In ya faɗo ƙasa, hanya a buɗe take, ko da yake wani lokaci kwabo kan sulale ta gefen abin da ya tokare, don haka ka kuma haska tocila ka leƙa. In da toshiya, ka tura sandar tsintsiyar bature a hankali, ba waya mai tsini ba, kada garin neman gira a rasa ido. A injin masallaci na san abin da ake samu tun kafin in buɗe: ƙwallon dabino, ɗiyan carbin da ya tsinke, guntun asuwaki, tsinken sakace, murfin biro, ledar ruwa. Tsinke guda ya isa. Yana gittawa a lanƙwasa, zare ya taru a kansa, yashi ya taru a kan zaren, shi ke nan ƙofa ta rufe. Wurin da ya fi ɓoye toshiya shi ne ɗan gajeren tiyon da ke ƙasa, a wuyan injin, tsakanin kan da ke shara da gangar jiki. Mutane da yawa ba su san ma yana nan ba. Ka kwantar da injin ka nemo shi. Kuma ka ja dogon tiyon ka duba tsakanin zobbansa, tsaga takan ɓuya a nan, ba ta bayyana sai an miƙe shi.

Da ka gama wannan ka mayar da komai, ka kunna, ka sa tafin hannu a bakin tiyo. In ya kama hannunka da ƙarfi, moton lafiyarsa ƙalau, maganar naɗi ta mutu.

Yanzu warin roba. Wannan wata cuta ce dabam, kuma ita ce ta fi sauƙin magani. Injin tsaye ba da zuƙa kaɗai yake shara ba. A ƙarƙashinsa akwai sanda mai gashin burushi da ke juyawa da sauri, tana bugun kafet tana tayar da yashin da ya nutse, iska kuma ta kwashe. Ba don ita ba, yashi ba zai taso daga gindin kafet ba komai ƙarfin zuƙa. A yawancin injinan gida, bel na roba ne ke ɗauko juyi daga sandar moton ya kai wa burushin. In wani abu ya riƙe burushin, moton ba ya tsayawa, sai sandarsa ta yi ta gurzar bel a wuri guda har ya narke. Warin da kake ji ke nan. A masallaci babban mai laifi gezar darduma ce, sai zaren da ke warwarewa a bakin kafet inda aka yanka ba a daje ba, sai igiyar sahu in ana ja.

Ka kifar da injin, ka kwance farantin ƙasa, sukurori ne kaɗan ko maɓallai. Ka sa almakashi ko reza ka bi tsawon sandar ka yanke duk zaren da ya naɗe, kana kiyaye gashin burushin. Kada ka tsaya a abin da ido ke gani. Ka zaro sandar gaba ɗaya, ka cire murafan da ke bakinta biyu, a nan zare ke shiga ya naɗe boris. In aka bar shi, zafi yana narkar da robar gurbin, daga nan kuma sai sayen sabuwar sanda. Ka riƙe bakin biyu da yatsu ka juya, ya kamata ta yi ta juyawa da kanta babu tirjiya, babu ƙara. Sannan ka mayar da ita ka gitta katin waya ko rula a kan farantin: in gashin bai taɓo katin ba, ya cinye, ba ya kai wa kafet, sai an sake sandar.

Bel ɗin roba ba sai ya tsinke yake mutuwa ba. Yana saki, ya riƙa sulɓi, a sama ka ga burushi na juyawa, da ka ɗora a kafet sai ya tsaya. In ka ga ya yi sheƙi, ko ya tsattsage, ko ya yi sirara a wuri guda, ya gama. A gida akan sake shi wajen wata shida zuwa shekara, a aikinku ni wata uku zan ce. Ka tafi da tsohon kasuwa tare da lambar injin, amma ka tuna tsohon ya saki, don haka sabon ya kamata ya fi shi gajarta kaɗan, kuma sai ka ɗan yi kokawa kafin ya hau. In ya shiga cikin sauƙi, ya yi yawa. Ka goge baƙin robar da ta manne a sandar moton kafin ka ɗora sabo. Ana yanko bel daga tsohon tub na babur, ni ma na taɓa yi ranar wata Alhamis da ba yadda za a yi, ya fitar da mu Juma'a, amma bai kai mako biyu ba. In ɗan unguwar nan zai sake aiko da saƙo, ku ce ya sako bel guda shida da matata biyu, kuɗinsu kaɗan ne a can, nauyinsu bai kai na takalmi ba. Wasu injinan bel mai haƙora gare su, wasu kuma burushin motonsa dabam, da ɗan maɓallin da ake dannawa in ya tsaya. In naku irin wannan ne, bel ɗin ba ya saki, sai dai a share zare a danna maɓallin.

Ka duba tsayin kai ma. Akwai ɗan abin murɗawa ko turawa a kan injin mai ɗaga shi ko sauke shi. Mutane suna sauke shi can ƙasa wai ya fi ci, sai bakin ya manne da kafet, iska ta rasa ta inda za ta shiga, bel ya sha wahala, mai turawa ya sha wahala. Ka fara daga sama kana saukewa mataki-mataki har ka ji sautin burushi ya fara taɓa kafet. Nan ne wurinsa.

Saura maganar wuta, kuma a nan kun yi abin da ya dace tun farko. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Na ga injina da yawa da aka yanke musu filogin Amurka aka ɗaura mai ƙafa uku aka soka a bango. Ihu ɗaya suke yi, hayaƙi ya tashi. Amma ka je ka karanta takardar da ke manne a bayan injin ko ƙarƙashinsa. Yawancin injinan tsaye na Amurka za ka ga an rubuta 120V da 10A ko 12A. In 12A ne, ka ninka 120 sau 12, abin ya haura wat 1,400, kuma a lokacin tashi moto yana fizgar fiye da haka. Taransifomar da za ta ɗauke shi ba tare da wahala ba kada ta gaza wat 2,000, in da hali 3,000, domin abin da ake rubutawa a jikin na kasuwa ba kullum yake cika ba. Ka ɗaga ta ka ji. Ta ƙwarai nauyi gare ta, tagulla da ƙarfe ne a ciki. Akwai wasu 'yan ƙanana marasa nauyi na matafiya da ake rubuta wa wat 1,600 ko 2,000, ka guje su, an yi su ne domin abin dumama ruwa da makamantansa, ba domin moto mai dogon aiki ba. Araha ba ta ado. Wata rana in injin ya mutu, ka taɓa taransifomar, in ita ce ta yi zafin da hannu ba ya iya zama, to wataƙila ita ke katsewa ba injin ba. Bambancin 60Hz da 50Hz da za ka gani a takardar kada ya dame ka, irin wannan moton mai kabon bai damu da shi ba.

In wutar NEPA ta zo rabi, wadda ƙwai ke ci ja-ja, ku haƙura da shara a ranar. Ƙaramin janareta irin na shago, wanda bai kai wat 1,000 ba, ba zai ja shi ba, haka ƙaramar inbata ta sola. Wayar ƙari kuma ta zama mai kauri, in ta naɗi ce a warware ta duka kafin a kunna, domin waya a naɗe tana tara zafi. Wayar injin kanta ka bi ta da hannu daga filogi zuwa inda ta shiga jiki. Tana karyewa ta ciki a bakin nan biyu saboda fizga daga nesa, alamarta injin ya riƙa ɗaukewa yana dawowa nan take in an motsa wayar, ba bayan awa guda ba. In burushi ya taɓa hawa kanta ya feƙe bawon, a sake ta gaba ɗaya. Ban yarda da naɗin salatif a wurin da yara ke yawo ba takalmi, da ƙafa jiƙe da ruwan alwala ba.

To, yaushe ne moton ke da laifi da gaske? Ba na so in zalunci mai gyaranku, ban ga injin ba, shi ya gani. In ka share hanya tas, matata ta bushe, bel sabo, taransifoma isasshiya, amma har yanzu yana mutuwa, sai a buɗe moton. Abu na farko kabon: 'yan sanduna biyu baƙaƙe da sifirin ke turawa a kan amaca, wato ɓangaren moton da ke juyawa, kabon irin na injin yankan ƙarfe da na huda bango. Suna cinyewa da aiki. In sun gajarce injin yakan riƙa tari, ƙarfinsa na hawa da sauka, ko ya ƙi tashi sai an bubbuga. Ana sake su biyu tare, kuɗinsu kaɗan, sai dai wasu motocin zamani an rufe su yadda ba a so a taɓa. Ɗan tartsatsi shuɗi a bakin kabon ba komai ba ne. Tartsatsin da ke zagaye amaca kamar zobe, da wari mai hawa kai irin na ƙonannen fenti, wanda ya bambanta da warin taya na bel, da waya da ta yi baƙi, wannan shi ne ƙonewar gaske. In kuma ƙarar gurza kake ji, musamman lokacin da ka kashe yana tsayawa, boris ne. Ka ce mai gyara ya nuna maka da idonka, ya kuma auna da mita a gabanka.

Ko da ta tabbata ya ƙone, ni ba na ba da shawarar naɗi a wannan moton. Naɗin fanka ko na injin ruwa wani abu ne, su a hankali suke juyawa. Moton injin shara yana juyi dubbai masu yawa a minti guda, in nauyin wayar da aka naɗa ya rinjaya gefe ɗaya ko da kaɗan ne, zai riƙa karkarwa ya cinye boris cikin 'yan makonni. Gara a nemo cikakken moto daga mataccen injin gwanjo. In Allah ya sa aka dace da na bolt 230 mai girman gurbin, kun huta da taransifoma, amma sai in injin ba shi da wani moto na biyu ko allon lantarki da ke jiran 120.

Akwai abubuwa uku da ba a ba wannan injin, kuma duka ukun suna masallaci. Na farko ruwa. Kafet ɗin bakin ƙofa, ta wajen wurin alwala, yana jiƙe bayan kowace salla, in ka bi ta kansa ka zuƙo laka. Ka yi shararka da hantsi, an daɗe da Asuba, kafet ya sha iska. Na biyu garwashi da tokar turaren wuta. Garwashin da ya yi kamar ya mutu, in ya shiga mazubi cike da zare, ga iska na hura shi, ka san sauran. Toka kuma ko ta huce tana toshe matata nan take. Na uku garin siminti da na filasta bayan an yi gyaran gini, wannan sai tsintsiya da tsumma.

Kuma kada zuwan inji ya sa a yi wa tsintsiya ritaya. A fara bi da ita a kwashe tsakuwa da ƙwallaye da tsinke, a naɗe dardumomi masu geza a ajiye gefe, sannan inji ya bi ya ciro abin da tsintsiya ba ta iya kaiwa. A tura shi a hankali, gaba da baya, gudu ba ya ba burushin damar tayar da yashi. A zubar da mazubi tun bai kai layin da aka zana ba, ko sau uku ne a shara ɗaya. A shimfiɗa abin goge ƙafa mai kaushi a kowace ƙofa, yashin da ya tsaya a nan bai shiga lissafin injin ba. Af, wanda ya ƙago irin wannan injin ma abokin sana'arka ne. James Murray Spangler sunansa, mai shara ne a wani babban kanti a garin Canton na jihar Ohio, ƙurar kafet ta hana shi numfashi, a 1907 ya haɗa moton fanka da sandar tsintsiya da rigar matashi. Ya yi rajistar abin a 1908, William Hoover ya saya, har yau a Ingila da sunan Hoover ake kiran kowane injin shara.

Gaskiyar da ba za ta yi daɗi ba ita ce, wannan injin na gida ne, an gina shi domin falo da ɗakuna biyu uku, ba domin sahu ashirin ba. Zai yi muku aiki in kuna raba masallacin kashi-kashi, minti goma sha biyar ko ashirin a huta. Ranar da kwamiti ya tashi sayen wani, ku nemi wanda aka rubuta wa 220-240V, irin kayan Ingila da Turai da ake samu a gwanjo. Tun watan Satumba na 2017 dokar Tarayyar Turai ta hana sababbin injinan shara na gida wuce wat 900, don haka na bayan nan ba sa cin wuta sosai, matsakaicin janareta yana ɗaukarsu. Kada yawan wat ya ruɗe ku, wat abin da injin ke ci ne, ba abin da yake kwashewa ba. Akwai kuma irin na otal-otal masu jakar ƙyalle a baya, waɗanda datti ke bi ta farfela kai tsaye ya faɗa jaka. Suna cin yashin kafet fiye da kowane, gyaransu da sukudireba ɗaya ne, motonsu kuma da iskar sanyayawarsa dabam, sai dai kwabo ko ƙwallon dabino guda yana iya fasa farfelar. Kafin ku biya kuɗin kowane, ku tambayi mai kayan ko yana da bel da jaka ko matatarsa, ya fito da su ku gani.

Ka gwada matata da tiyo da bel a wannan makon. In bayan haka ya sake mutuwa, ka rubuto mini lambar da ke bayan injin, da abin da aka rubuta a jikin taransifomar, da minti nawa ya yi kafin ya ɗauke.